Kalmar da Na Ƙi Gogewa

Da na gama karatun kwamfuta na dawo Jimeta, sai na samu aiki a wani ƙaramin shago a unguwar Jambutu, inda muke rubuta wa makarantu masu zaman kansu manhajar fitar da sakamakon jarrabawa. Mu biyu ne masu rubuta manhaja a shagon. Ɗayan abokin aikina ne, ɗan gidan 'yan kasuwa 'yan asalin Barno, wanda kullum yake tahowa daga unguwar Bako ta cikin garin Yola a kan babur. Ni kuwa daga Demsawo nake zuwa, daga gidan iyayena. Iyayena Kiristoci ne da suka taso daga wani ƙauye a kudancin Adamawa, Babana kuma malamin firamare ne da ya yi ritaya.

Aikin makarantun yana ciyar da mu, amma ba ya sa kai ya yi aiki. Sunan ɗalibi, maki, matsayinsa a aji, a buga, a sake bugawa. Idan zango ya yi tsakiya sai mu zauna babu abin yi, fanka tana ta juya mana iska mai zafi. A irin wannan zaman ne wata rana ya juyo da kwamfutarsa wajena ya ce, "Malama, zo ki ga wani abu."

Abin da ya gano shi ne, wasu ɗakunan karatu da gidajen tarihi da ma'adanan tsofaffin takardu na ƙasashen waje sun buɗe bayanan kayan da ke hannunsu. Kayan suna nan a kulle inda suke. Abin da aka buɗe shi ne ɗan bayanin da suke rubutawa game da kowane abu, wanda muka riƙa kira katin bayani. Idan tukunya ce, katinta zai faɗi mece ce, daga ina aka kawo ta, wa ya kawo, a wace shekara, da lambar da suka ba ta. Haka ma hoto, ko rubutun ajami, ko faifan waƙa. Sun saka katunan a intanet, suka ce kowa yana iya kwasa ya gina abin da yake so a kai ba tare da neman izini ba. Wasunsu sun roƙi a ambaci inda aka ɗauko, shi ke nan.

Ya rubuta Yola a wurin bincike, sai abubuwa suka yi ta zubowa. Hoton bakin Binuwai da kwale-kwale jere, takardun ajami na Fulatanci, ganguna, mayafai saƙar hannu, ƙwarya mai zane. Wasu katunan da ƙaramin hoto a jiki, wasu rubutu ne zalla. Na yi ta bin su da kallo ɗaya bayan ɗaya. A makaranta ba wanda ya taɓa gaya mana cewa akwai wani abu namu da ya isa a ajiye shi a ba shi lamba.

A ranar muka yanke cewa za mu haɗa manhajar waya da Hausa, wadda mutum zai rubuta sunan garinsu ya ga abin da aka ajiye na garin a duk inda yake a duniya. Shi zai rubuta ɓangaren da ke janyo katunan daga wurarensu, ni kuma in tsara su in fassara.

Da baki abin mai sauƙi ne. Kowane gidan tarihi da yadda yake tsara katinsa. Inda wannan ya rubuta sunan gari, wancan sunan ƙabila ya rubuta, wani kuma ya bar wurin fayau. Sunan ƙauye ɗaya sai ka same shi da rubutu iri-iri, kowane Bature da yadda kunnensa ya ji. Abu guda ya fito sau biyu da lamba daban. Babbar matsalar ita ce Yola kanta. A tsofaffin katunan, Yola tana iya nufin garin Yola, tana kuma iya nufin lardin gaba ɗaya. Da muka fara gwada taswirar da muka sa a manhajar, komai ya taru a ɗigo ɗaya: gangunan mutanen duwatsu, kwale-kwalen Jimeta, tukwanen ƙauyuka, duk a tsakiyar garin Yola. Abokin aikina ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ce Turawa sun kwashe kayan kowa sun kai musu unguwa. Muka yi ta warware su ɗaya bayan ɗaya, wanda ba mu da tabbas a kansa muka rubuta cewa ba mu da tabbas. Wuta ta ɗauke, data ta ƙare, mu jira, mu ci gaba.

Da na iso kan katunan yankinmu ne fassara ta tsaya mini. A kusan kowane kati akwai kalmar Turanci guda, wadda a Hausa ba ta da wata ma'ana sai arna. Ƙauyen arna. Gangar arna. Akwai hoton wata mata da goyo a baya tana tsaye a gaban rumbu, katinta bai ba ta suna ba, bai faɗi yarenta ba, arniya kawai ya ce.

Na nuna wa abokin aikina. Ya karanta, ya kawar da kai.

"Ki sa mutanen gargajiya," ya ce. "Ko ki bar wurin babu komai."

"Ba haka suka rubuta ba."

"Na san ba haka suka rubuta ba. Amma ki duba, Malama. Ni Musulmi ne, sunana yana jikin manhajar nan. Ranar da mutanenku suka ga kalmar nan da Hausa, ba wanda zai tuna da Bature. Ni za su tuna."

Gaskiyarsa ce, kuma na ji nauyinta. Na yi kwanaki ina juya maganar. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne, a ƙasan kowane kati muna rubuta sunan gidan tarihin da ya fito da lambarsa. Idan na canza kalmar na bar sunansu a ƙasa, na yi musu wanka ke nan, na sa musu magana mai daɗi a baki wadda ba su faɗa ba. Sai na raba kowane shafi gida biyu. A sama na rubuta, Abin da suka rubuta, na fassara shi yadda yake. A ƙasa na rubuta, Abin da muka sani, na bar wurin a buɗe don mutanen garin su cika da bakinsu. Na ce masa a shafin farko zan bayyana cewa fassara duk aikina ce, idan akwai mai zagi ya zo wurina. Bai gamsu ba, amma ya bar ni.

Babana na fara kai wa, don na ɗauka shi zai fi kowa murna. Ranar Lahadi ce bayan an tashi daga coci, yana zaune a gindin dogonyaron da ke tsakar gidanmu ya cire takalma. Na miƙa masa wayar na ce ya rubuta sunan ƙauyenmu. Ya sa tabarau, ya rubuta da yatsa ɗaya. Da hoton farko ya fito sai ya gyara zama.

"Kai! Wannan ai dutsen bayan gari ne," ya ce. Ya ƙwala wa Mamana kira ta zo ta gani. Ya yi ta matsa hotunan yana dariya, yana faɗin sunayen abubuwa da yarenmu, sunayen da ban taɓa jin ya furta a gidan nan ba. Sai ya iso kan matar mai goyo, ya sauke ido ya karanta abin da ke ƙasa. Dariyar ta tsaya. Ya koma baya ya karanta katin dutsen, da na gangar.

"Wa ya rubuta wannan?"

"Baturen da ya ɗauki hoton ne, Baba."

"Ba shi na tambaya ba. Wa ya rubuta shi da Hausa?"

"Ni ce."

Ya cire tabarau ya ninke shi a hankali. Babana ba mai ɗaga murya ba ne, ranar ma bai ɗaga ba. Ya ce da ya zo garin nan yana yaro neman karatu, wannan kalmar ita ce sunansa a kasuwa da bakin famfo. Ya yi karatu, ya zama malami, ya koyar da 'ya'yan masu kiransa haka har da jikokinsu, har aka wayi gari kowa Malam yake ce masa. Ya ce bai taɓa bari mu 'ya'yansa mu ji ta a gidansa ba.

"Yanzu kuma 'yata ta je har ƙasar Turawa ta ɗauko ta, ta wanke ta, ta sa a waya. Ki goge."

Na ce, "Baba, tana can ko na goge ko ban goge ba. Katunan nan a buɗe suke. Duk wanda ya gina manhaja a kansu, a kowace ƙasa, zai kwashi kalmar ya kai gaba. Idan na goge a tawa, mu kaɗai ne za mu daina gani."

"To mu daina gani. Ni na gani ya ishe ni."

"Ba zan goge ba, Baba."

Tun da aka haife ni ban taɓa ce masa ba zan yi ba. Mamana ta dube ni kamar na fasa wani abu a ɗaki, ta ce abinci yana hucewa. Ya ajiye mini wayar a kan tabarma, ya sa takalmansa ya shiga ciki.

Mutanen ƙauyenmu mazauna Jimeta suna da ƙungiya da ke zama wata-wata a wani ajin firamare. Da ma ita na sa a rai za ta taimaka mini wajen cika gidan ƙasa, domin a nan dattawan suke. Sai ga shi Babana ya riga ni kai musu maganar, aka aiko in zo. Abokin aikina ya ce zai raka ni, na ce a'a. Na san idan ya shiga ajin nan, maganar za ta tashi daga kan kati ta koma kansa.

Na same su zaune a bencin yara, manya-manyan mutane gwiwoyinsu sun kusa taɓa haɓa: ma'aikatan gwamnati, malamai, masu shaguna, mata a gefe ɗaya. Shugaban ƙungiyar tsohon ma'aikacin gwamnati ne da ya san ni tun ina goye. Ya sa na tsaya a gaban allo, ya yi magana a natse.

"'Yata, mun ga aikinki, kuma aiki ne mai kyau. Wasunmu sun ga abin da rabonsu da shi tun suna yara. Abu ɗaya muke roƙo. Kalmar nan zagi ce. A littafin Bature da Turanci ba ta cizon kowa, don ba mai karantawa. Da Hausa a waya kuwa, gobe wani mara kunya zai ɗauki hotonta ya tura wa ɗanki. Ki cire ta, mu kuma mu tsaya miki. Kowane tsoho a nan zai zauna da ke ya faɗa miki abin da ya sani."

Kafin in buɗe baki wani daga baya ya ce, "Ko wanda take aiki da shi ne ya sa ta?"

Nan raina ya ɓaci, tsoron da na shigo da shi ya tafi. Na ce, "Wanda nake aiki da shi shi ne mutum na farko da ya roƙe ni in cire ta, tun kafin Babana ya gani. Ni na ƙi. Idan akwai laifi nawa ne, kada a rataya wa wani."

Sannan na juya wajen shugaban na ce, "Baba Ciyaman, matar nan mai goyo kakar wani ce a cikin ɗakin nan. An ɗauke ta hoto ba a tambayi sunanta ba, aka rubuta mata wannan, aka ba ta lamba, kuma da wannan sunan duniya take ganinta har yau. Ni ina so in manna maganarmu a jikin lambar nan, in aika wa masu katin in ce ga abin da kuka rubuta, ga abin da muka ce. Idan na goge nasu, me zan ce su gyara? Kuma yaranmu idan sun tashi za su ɗauka da mutunci aka rubuta mu tun farko. Ba da mutunci aka rubuta mu ba. Ina so su sani, su kuma ga mun amsa."

Ajin ya kaure. Wasu suka ce yarinya ta yi karatu ta raina mutane. Wata malamar asibiti ta ce a bar ni in gama magana, aka ce ta zauna. Shugaban ya ɗaga hannu aka yi shiru, ya sake tambayata ko zan cire. Na ce ba zan cire ba. Ya ce to kada in sa sunan ƙungiya a ko'ina, kuma ƙungiya ba za ta tura kowa wurina ba. Na ce na ji, na gode. Duk wannan abin Babana yana zaune a benci na biyu yana kallon ƙasa. Da aka tashi ya hau keke napep shi kaɗai, ni na taka da ƙafa har Demsawo.

Muka saki manhajar haka nan. Mutane suka yi ta tura wa juna, na Yola suna neman takardun ajami, na bakin kogi suna neman kwale-kwale. Ba a daɗe ba kuma abin da shugaban ya faɗa ya faru, yadda ya faɗa. Wani ya ɗauki hoton shafin matar mai goyo, ya yanke ƙasan, ya yanke taken da ke cewa Abin da suka rubuta, ya bar hoton da kalmar kawai, ya tura a wani zauren tsofaffin ɗalibai da alamar dariya. Abin ya zaga har ya iso wayar Babana. Da na dawo daga aiki ya miƙo mini wayar, na duba, na mayar masa, ya ci gaba da sauraron rediyonsa. Da ma ya zage ni da ya fi mini sauƙi.

Washegari na isa shago idona a kumbure. Abokin aikina ya riga ya gani. Bai ce ai na faɗa miki ba, ya dai tambaye ni ko yanzu za mu cire. Na ce masa dattawan sun fi ni sanin mutane, wannan na yarda. Kuskurena shi ne na ajiye kalmar ita kaɗai a fili inda almakashi zai iya zagaye ta. Muka sake tsara shafin a ranar. Maganarmu ta koma sama, tasu ta sauko ƙasa. Kalmar kuma ba ta sake tsayawa ita kaɗai ba, manhajar tana saka ta ne a tsakiyar jimla: Baturen da ya rubuta katin nan, a shekara kaza, ya kira su kaza. Duk mai son yanke ta sai ya yanko Baturen tare da ita. Amma tana nan, ban rage mata harafi ba.

Sai dai gidan namu, wanda yanzu ya koma sama, babu komai a cikinsa, tunda ƙungiya ta janye. Wadda ta fara cika shi ita ce Goggona, yayar Babana, wadda ba shugaban da ya isa ya hana ta zuwa inda take so. Wata Asabar ta aiko in je gidanta da wayar. Na same ta da wata ƙawarta ta zumuntar mata a coci suna ɓarar gyaɗa. A Hausar Goggo mace da namiji duk ɗaya ne. Ta ce, "Kai ne ka ƙi jin maganar ubanka? Zauna ka nuna mini abin."

Na nuna musu katin wasu ƙarafa masu kama da ƙararrawa, wanda aka rubuta wa kayan tsafi. Goggo ta yi tsaki ta ce wane tsafi, 'yan mata ke ɗaurawa a ƙafa ranar rawar kaka bayan girbi, ita ma ta ɗaura. Ƙawarta ta ce sam, na rawar kaka ƙanana ne, waɗannan na rawar mutuwar tsoho ne. Goggo ta ce a ƙauyenku dai. Ƙawar ta ce ai ƙauyensu ne asali. Suka manta da ni, suka koma yarenmu, gyaɗa ta tsaya. Ba wadda ta sauka daga kan maganarta har na tafi.

Manhajar tawa kuwa amsa ɗaya take karɓa a kowane kati. Na lura ashe ni ma na gina ta ne irin ta Baturen, baki ɗaya ya faɗi, a rufe. Na koma na canza ta yadda kati ɗaya zai ɗauki amsoshi da yawa, kowace da bayanin daga wane ƙauye mai maganar ya fito. Na sa ta Goggo, na sa ta ƙawarta. Daga nan matan zumunta suka riƙa kirana gida-gida, yawanci don su ƙaryata abin da wata ta faɗa. Ta haka gidan ya fara cika. Matar mai goyo dai har yau ba wanda ya gane ta. Abin da aka iya faɗa shi ne yarenta da irin ginin rumbun, shi na rubuta.

Da gyare-gyaren suka taru, na jera su da lambobinsu na aika wa masu katunan. Wani gidan tarihi ya amsa da ladabi, ya ƙara sunan da muke kiran kanmu a katinsu, ya bar tsohuwar kalmar da alamar cewa ta zamanin da ce. Wani bai amsa ba ko kaɗan. Na ukun shi ya fi ba ni haushi. Suka ce sun gode, amma ba sa gyara kati sai da hujjar da aka wallafa a rubuce, maganar baka ba ta isa ba. Wato mutumin da ya wuce ta ƙauyenmu ba ya jin yarenmu ko kalma ɗaya, maganarsa hujja ce don ya rubuta, tsohuwar da ta ɗaura ƙarfen a ƙafarta kuwa ba hujja ba ce.

Na karanta wa abokin aikina amsar. Ya ce, "To mu wallafa mana." Muka fitar da duk abin da mutanenmu suka faɗa a shafi na musamman, kowace magana da lambar katin da take amsawa, muka buɗe shi da irin sharaɗin da su ma suka buɗe nasu: kowa ya kwasa, ya gina abin da yake so, ya ambaci inda ya ɗauko. Na tura musu adireshin shafin na ce ga rubutacciyar hujja. Ban ga sun gyara ba. Duk sanda sabon gyara ya shigo kan kayansu ina sake tura musu, kuma ba ni da niyyar gajiya.

A gida kuwa maganar ta zama abin da ba a taɓawa. Ina gaishe da Babana yana amsawa, muna cin abinci, yana tambayata aiki in ce lafiya. Ƙungiya ba ta sake kirana ba, ni ma ban sake zuwa ba.

Can bayan wani lokaci wata malamar kwamfuta daga Jalingo ta rubuto mini. Ta ce tana son ɗaukar bayananmu ta haɗa manhaja don 'yan firamare, tana neman izini. Na ce ba ta bukatar izinina, a buɗe suke. Ta ce to amma ita gidan da ke cewa Abin da muka sani kawai za ta ɗauka, ba za ta nuna wa yara tsohuwar kalmar ba. Na so in yi mata huɗubar da na yi a gaban allo. Amma ni da hannuna na rubuta cewa kowa ya gina abin da yake so, ba kuwa zan buɗe ƙofa in tsaya a bakinta ina zaɓen masu shiga ba. Na ce ta ɗauka, ta dai bar lambar kowane kati a jiki don mai son ganin asali ya iya bi.

Wani tsohon ɗalibin Babana ne ya sa masa tata manhajar a waya. Wata Lahadi na shigo gida na same shi da tabarau yana matsa hotuna, Mamana tana leƙe ta kafaɗarsa. Da ya gan ni ya ɗago wayar.

"Zo ki ga yarinyar da ta san darajar manya," ya ce. "Ga dutsenmu, ga ganga, ga ƙarafan Goggonki. Ba zagi ko ɗaya."

"Daga wurina ta ɗauka, Baba. Duba ƙasa, za ka gani."

"Na gani. Ta ɗauki mai kyau ta bar miki sauran."

"Sauran ma dole wani ya riƙe."

Ya dube ni ta saman tabarau ya ce, "Har yanzu ba ki goge ba?"

"Ban goge ba."

"Har yanzu kuma ba ki yi daidai ba," ya ce, ya mayar da ido kan wayar. Jim kaɗan ya yi tsaki, ya ce wa ya faɗa musu gangar nan ta biki ce, ai ta kiran farauta ce, duk wanda ya faɗi haka bai girma a gari ba. Na ce wata tsohuwa ce daga ƙauyen ƙetaren rafi. Ya ce shi ya sa. Na tambaye shi ko in rubuta tasa maganar a ƙarƙashin tata. Ya ce kada in kuskura in sa bakinsa a cikin abin nan nawa, ya kira Mamana ta zo ta ga hoto na gaba.